Wai bazawara ba ta sa farar riga, inji wa?

Ni tela ce, shekarata goma sha ɗaya a kan keke nan Tudun Wada a Gusau, kuma rabin abin da nake ci daga ɗinkin amare yake fitowa, don haka in na sa baki a maganar rigar amarya kada wani ya ce na yi shisshigi. Abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu kuwa wata rigima ce da aka yi a gidanmu wata biyu da suka wuce, har yau ƙurarta ba ta gama kwanciya ba, kuma da na fara ba kwastomomina labari sai na gano ashe ba gidanmu kaɗai ba ne, kusan kowace tana da irin nata.

Yayata ce za ta sake aure. An yi mata na farko tana da shekara goma sha bakwai, can ƙauyenmu ta wajen Bunguɗu, lokacin ina ƙarama amma ina tunawa, babu dina babu mai hoto babu komai, an sa ta a lalle ta sha kukanta, aka yi mata wanka aka lulluɓe ta da atamfa aka sa a mota da daddare, shike nan. Ko hoto ɗaya na ranar ba mu da shi. Ta yi shekara tara a gidan, 'ya'ya uku, auren ya mutu, ba zan shiga dalili ba don ba shi ya kawo ni ba. Ta dawo gida ta gama idda, ta koma makaranta ta yi NCE a kwalejin mata ta tarayya da ke nan Gusau, tana yi tana sayar da turaren wuta da humra, shekara biyar cur tana zawarci. Sai Allah ya kawo wani malamin makaranta mai hankali, aka daidaita, aka sa rana. Wata rana da yamma ta shigo shagona ta jawo kujera ta zauna, ta daɗe tana juya waya a hannu kamar mai shirin neman bashi, can ta miƙo min ta ce dubi wannan, za ki iya? Hoton doguwar farar riga ce mai dogon hannu, wuya a rufe, da mayafinta, babu inda jiki ya fito. Na ce Yaya wannan ai ko ido a rufe na ɗinka miki. Ta ce to amma kada ki faɗa wa kowa tukuna. Wallahi wannan kada ki faɗa wa kowa ɗin ya fi komai tsaya min a rai, mace mai shekara talatin da ɗaya za ta yi auren halal da kuɗin guminta amma tana ɓoye riga kamar ta sato.

Zance dai ba ya ɓuya a gidan yawa. Kwana uku gwaggonmu ta ji, ƙanwar babanmu, ta taso takanas ta same mu a ɗakin Inna, ko mayafi ba ta cire ba ta fara. Ke ɗiyag ga mi kika so duniya ta ce muna? Hwarar riga ta budurwa ta, ke da ɗiya ukku za ki sa hwari ki zamna gaban mutane, wa za ki ruɗi? Yaya ta sunkuyar da kai. Inna ta yi shiru, don ita dama in dangin miji na magana ba ta tankawa ko bayan shekara arba'in. Ni ce bakina ya ƙi mutuwa, na ce Gwaggo ki yi haƙuri, ke da aka kai ki gidan Kawu farar riga kika sa? Ta ce wane irin hwari, zane saƙi anka ɗaura min da baƙin mayahi mai shuni, har wuyana sai da yai baƙi. Na ce to kin gani, ke da kika je a budurwa ba ki sa fari ba, daga ina dokar ta fito? Ta ce ba ni da kunya. Na yarda ban kyauta ba da na yi mata a gaban Inna, na kuma ba ta haƙuri daga baya, amma tambayar tana nan ba a amsa min ba.

Bari in faɗi inda dokar ta fito tunda sana'ata ce kuma na bi diddiginta. Turawan da muke ganin kamar da farar rigar aure aka halicce su, su ma a da amarya rigarta mafi kyau take sawa ko wace kala ce, ja, shuɗi, ruwan ƙasa, talaka ma baƙa take ɗinkawa don ta ci gaba da zuwa coci da ita bayan biki. Wadda ta sa fari ya zama yayi ita ce Sarauniya Biktoriya ta Ingila, da ta auri Yarima Albat ranar 10 ga Fabrairu 1840 a Landan tana da shekara 20. Ta sa farin siliki da leshin hannu da aka saƙa a yankin Debon, kuma cikin dalilanta har da tallafa wa masu saƙa leshin ƙasarta da kasuwarsu ta faɗi. Zanen hotonta ya bazu, matan masu kuɗi suka ɗauka. Kuma duk telan da ta taɓa riƙe farin yadi ta san dalilin da ya sa na masu kuɗi ne, fari ba ya jure datti, a zamanin da babu injin wanki babu omo, macen da za ta ɗinka rigar da sau ɗaya za a sa a ajiye ai tana sanar da jama'a ne cewa gidansu akwai. Daga baya ne masu rubuta mujallun mata suka liƙa masa ma'ana, wai fari alamar tsarki ne da budurci, sai kuma aka gina ladubba a kai, cewa wadda ta taɓa aure kada ta sa fari tas, kada ta sa mayafin da ke rufe fuska, kada rigarta ta yi jela mai jan ƙasa, ta nemi ruwan madara ko shuɗi mai haske ta yi abinta a taƙaice.

Sun bi dokar kam na wani lokaci. Matar nan 'yar Amurka, Walis Simson, wadda Sarki Edwad na takwas ya sauka daga gadon sarauta saboda ita a 1936 don aurenta biyu ya mutu kuma fada da coci sun ƙi yarda, da aka ɗaura musu aure a Faransa a 1937 shuɗi mai haske ta sa. Kamila ma, bazawarar da ta auri Yarima Cals na Ingila a 2005, ruwan madara ta sa wajen ɗaurin aure, ta canza zuwa shuɗi da ruwan zinari wajen addu'a a coci, ba mayafin amare. To amma ku duba 2018, a gidan sarautar nan dai, jikan Sarauniya Elizabet, Yarima Hari, ya auri Megan, ita ma bazawara ce aurenta na farko ya mutu, ta shigo cocin fadar Winsa da riga fara fat da mayafi mai tsawon mita biyar yara na riƙe mata, sarauniya na zaune, duniya na kallo a talabijin. Masu dokar sun naɗe ta sun ajiye. Mu da muka aro rigar jiya-jiya, muka aro dokar ba mu ma san sunan wanda ya kafa ta ba, mu ne muke tada jijiyar wuya a kanta a Gusau.

Wani abin da ya ba ni dariya da na karanta, ita Biktoriyar kanta mijinta ya rasu a 1861, ta yi shekara arba'in cikin baƙaƙen kaya, ga 'ya'ya tara, amma da ta mutu a 1901 cikin farar riga aka binne ta da mayafin aurenta, kamar yadda ta yi wasiyya. Na karanta wa Gwaggo wannan a waya, ta ce ina ruwanta da wata Bitoriya. Gaskiyarta. Sai dai dokar da take karewa daga gidan Bitoriyar ta taso.

Ina zargin har harshenmu ya taimaka wajen ruɗa mu. Muna cewa auren fari, ɗan fari, 'yar fari, sai kunne ya ji kamar farar riga da auren fari dangin juna ne. Alhali kowa ya faɗe su a baki zai ji ba ɗaya ba ne, farin da ke nufin na farko ana jan sa, farin kala kuwa ba a ja, a rubutu ne kawai suka yi kama. A wurinmu in ana maganar fararen tufafi abin da ke zuwa ran mutum shi ne kayan Juma'a, da haramin alhazai, da likkafani. Hadisin da malamai ke kawowa daga Abu Dawuda da Tirmizi cewa ya yi a riƙa sa fararen tufafi don suna cikin mafi alherin tufafi, a kuma yi wa mamata likkafani da su, babu inda ya ware budurwa da bazawara. A Indiya ma fari kayan matar da mijinta ya mutu ne, amarya ja take sawa, a Sin haka amarya ja, fari na makoki. Kala dai kala ce, kowace al'umma da abin da ta rataya mata.

Kada in yi ƙarya, akwai wuri ɗaya da fari ya haɗu da budurci a tsohuwar al'adarmu, farin ƙyallen nan da ake shimfiɗawa daren farko tsofaffi su zo dubawa da safe. Abin kunya ne da malamai suka daɗe suna hanawa, don tona asiri ne kuma an zalunci yara mata da yawa da shi a kan abin da ba su aikata ba, kuma alhamdulillahi ya kusa mutuwa. To in da gaske farar rigar amarya sanarwa ce ga jama'a game da jikin mace, ashe mun ɗauko ƙyallen nan ne daga kan gado mun ɗinke shi mun sa wa amarya ta fito da shi tsakar hol. Ni dai ban yarda ina ɗinka wa 'ya'yan mutane takardar shaida ba. Riga nake ɗinkawa.

Sai kuma abin da ya fi ƙona min rai, angwaye. Dan Allah ku tuna ɗaurin auren da kuka je na ƙarshe, ango me ya sa? Farar shadda, gezna mai maiƙo, babbar riga da aiki har gwiwa, hula zanna. Auren fari fari, ya ƙara ta biyu fari, ta uku fari, ya saki ɗaya ya cike gurbi fari, gemu ya yi furfura jikoki na wasa a ƙofar gida, shi dai fari, abokai na ta ango ka sha ƙamshi. Ban taɓa jin wata gwaggo ta taso daga unguwa ta ce masa kai da 'ya'ya goma sha biyu wa za ka ruɗa ba. Angon Yaya ma matarsa ta farko rasuwa ta yi, yana da 'ya'ya biyu, farar shaddarsa tana wajen tela tun kafin a sa rana babu wanda ya ce uffan. In fari na sabon shiga ne to a tuɓe wa kowa, in kuwa ba haka ba a ƙyale mata su ma.

Na san masu hujja ta gaske suna nan, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Akwai masu cewa rigar gabaɗaya koyi ne da Nasara, daga coci ta fito, bai kamata 'yar Musulmi ta sa ba, musamman a jihar da ta riga kowa ƙaddamar da shari'a tun 1999. Akwai masu kukan tsiraici, kuma wallahi suna da gaskiya, ni nake ɗinkin na sani, yarinya za ta kawo hoto kafaɗa a waje, baya a buɗe, an matse ƙugu da koset har numfashi na gagara, ta ce haka take so, uwarta na tsaye na cewa a yi mata ai rana ɗaya ce. Na sha mayar da irin wannan aiki na yi asarar kuɗin. Akwai masu maganar cakuɗuwar maza da mata a wajen dina, da dije, da liƙi, da almubazzaranci. Duk na ji kuma mafi yawa na yarda. Amma ku lura duk waɗannan hujjoji babu wadda ta san bazawara daga budurwa. In koyi da Nasara ne, budurwar ma ta yi koyi. In tsiraici ne, na budurwa ma haramun ne. Mutumin da ya ce kowa ya bar farar riga a koma lafaya da atamfa da leshi, zan iya zama da shi mu yi magana, wataƙila ma ya rinjaye ni, don ni kaina in ka tambaye ni amarya cikin lafaya mai kyau da lalle ja da baƙi ta fi min kyau nesa. Wanda ba zan saurara ba shi ne wanda 'yarsa ta sa gawun mai jela a dinarta bara ya yi ta sa hoton a sitatus yana masha Allah, bana kuma ya ga bazawara da riga mai rufe jiki a taron mata zalla ya ce an lalata tarbiyya. Gwaggonmu kanta autarta da fari ta yi dina, ni na ɗinka, har yau da sauran cikon kuɗina.

Abin da ake tsarewa a gaskiya ba riga ba ce, murnar bazawara ce ba a so a gani. Mun saba auren bazawara a yi shi kamar ana jin nauyinsa, a ɗaura bayan sallar Juma'a mutum goma, sadaki a rage, lefe a rage, da daddare mata uku su raka ta da 'yar jakarta, kada a yi guɗa da ƙarfi. Kamar ana ce mata ke kin ci rabonki, wannan alfarma ce aka yi miki, ki karɓa ki yi shiru. Kuma sai a jingina abin ga addini alhali addinin ba haka ya ce ba. Matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana A'isha kaɗai ya aura a budurwa, Nana Khadija da ya fi ambato har bayan rasuwarta ta yi aure biyu kafin shi. Eh akwai bambanci a shari'a, na san shi tun a Islamiyya, mai mata in ya auro budurwa kwana bakwai zai yi mata kafin a fara rabon kwana, bazawara kwana uku, kuma bazawara ita ta fi waliyyinta iko da kanta, sai ta buɗe baki ta ce ta yarda, budurwa kuwa shirunta ya isa. Wannan na biyun ma ai ƙarin daraja ne. Amma ban taɓa jin babin da ya ce ga kalar da za ta sa ba, ko ya ce walimarta ta zama ta ɓoye.

Akwai ƙissar da nake so duk mai wannan magana ya je ya tambayi malaminsa, tana cikin Buhari da Muslim. Wata sahabiya Subai'a, mijinta Sa'adu ɗan Khaula ya rasu a hajjin bankwana tana da ciki, ba a daɗe ba ta haihu. Da ta gama jinin biƙi sai ta yi kwalliya don masu neman aure. Wani sahabi Abus Sanabil ya gan ta ya ce mata me zai gani haka, aure take so, ai ba ta da halin aure sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Ba ta tsaya musu da shi ba, da yamma ta yi ta haɗa tufafinta ta tafi wurin Annabi ta tambaya, ya ce mata iddarta ta ƙare tun ranar da ta haihu, ta yi aure in tana so. Ku duba fa, matar da mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ga jariri a hannu, ta yi ado don a gan ta a aura, kuma ba a ce mata ba ta da kunya ba. Da a unguwarmu ne da har jikokinta sai an goranta musu.

Kuma mu a Zamfara ya kamata mu fi kowa tausasa harshe a kan zawarawa. Wace ce bazawara a nan yanzu? Da in an ce bazawara sai a hango babbar mace da ta ga jiya ta ga yau. Yanzu ku je Zurmi, Shinkafi, Anka, Maradun, Tsafe, ko ma ku tsaya nan cikin Gusau inda 'yan gudun hijira suka cika kangaye, za ku ga yarinya 'yar shekara goma sha tara da goyo, an kashe mijin a gona ko an tare shi a hanya, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma ba kwalli ba turare ba lalle tun ba ta san daɗin auren ba. Irin waɗannan sun zo shagona, wata da na auna ta tsawonta ko kafaɗata bai kai ba. In Allah ya sake ba ta miji ta ce tana son ta yi kyau rana ɗaya, ta sa abin da ƙawayenta suka sa, ni ce zan ce mata a'a ke kin wuce nan? Da wane baki? Ga kuma sakin da ya yi mana katutu a ƙasar Hausa, har gwamnatoci na shiga suna aurar da zawarawa, Kano ta fara nata a 2012 ta hannun Hisba, a 2023 ma ta aurar da amare 1,800 da angwayensu a tashi ɗaya. Muna kuka zawarawa sun yi yawa a taimaka a aure su, in an zo auren kuma mu ce su shigo ta ƙofar baya.

To amma tunda ladabin abin ake tambaya, bari in faɗi abin da nake gaya wa duk bazawarar da ta zauna a kujerar shagona, don ba kowace nake ce wa ta ɗinka ba. Farko ina tambayarta wa zai biya. In bashi za a ci, ko za a matsa wa angon da ke da wasu 'ya'yan yana fama da kuɗin makaranta, ina ce mata ki bari, ki sa leshin cikin lefenki, ko ki yi haya in dole ne, don farar riga ta yini ɗaya ce, ba za ki je suna da ita ba ba za ki je asibiti da ita ba, buhun shinkafa kuwa kin san yadda yake yanzu. Sannan ina tambayar gidan da za ta shiga. In akwai uwargida, ki tuna ita ma mace ce kuma ranar ba ranar daɗinta ba ce, ki yi kwalliyarki a gidanku cikin 'yan uwanki, amma ki shiga gidanta da lulluɓi da sallama, kada a jawo jela ana ɗaukar bidiyo har ƙofar ɗakinta, wannan ba kala ba ce matsalar, rashin tausayi ne, kuma budurwa ma haka nake gaya mata. In mijinki rasuwa ya yi kuma iyayensa na da rai suna riƙe da jikokinsu, ki je da kanki ki gaya musu kafin su gani a waya, ki nemi albarkarsu, yawancinsu kuka za su yi su sa miki albarka. In kina da 'ya'ya da suka fara girma, musamman namiji ɗan sha uku sha huɗu da abokai ke iya tsokana, ki zaunar da shi ku yi magana, kunyarsa gaskiya ce ba a raina ta. Babban ɗan Yaya cewa ya yi shi ba zai zo wajen ba amma ta ajiye masa naman kaza, aka rabu a haka kowa ya ji daɗi.

Ta fuskar ɗinki kuma, shawara ce ta tela ba doka ba, fari tas mai ɗaukar ido ba kowace fata yake karɓa ba kuma ga ƙurar Gusau in iska ta taso kafin la'asar gindin rigar ya koma ja, don haka sau da yawa nakan ce a ɗauki ruwan madara ko mai ɗan ratsin zinari, budurwa ko bazawara. Jikin da ya haihu uku ba ya son a takura shi da koset, a sake masa daga ƙirji ya zuba, a sa lailin mai kauri don fari yana nuna abin da ke ƙarƙashi in haske ya bugo, hannu ya kai wuyan hannu, mayafi ya sauko ya rufe ƙirji. In aka yi haka wallahi babbar mace ta fi yarinya cika riga, don ta san yadda ake zama da yadda ake tafiya, ba ta rawar kai.

'Yan uwanmu Kirista na Sabon Gari da na wajen Zuru su kuma nasu daban ne, kowace coci da ƙa'idarta kan sake aure da abin da za a sa, in sun kawo min ɗinki nakan ce su fara tambayar fastonsu, ba na sa baki.

Yaya dai ta sa rigarta. Na aika Kantin Kwari aka sayo min yadin, na yi sati biyu a kanta, duwatsun wuya da hannu na ɗinka su ɗaya bayan ɗaya da fitilar caji saboda wuta sai a hankali. A tsakar gidanmu aka yi, mata zalla, an kafa rumfa, malama ta yi wa'azi, aka ci waina da miyar taushe, mai hoton ma mace muka nemo. Da ta fito daga ɗakin Inna ƙaramar 'yarta mai shekara bakwai ta ruga ta riƙe mata gefen riga ta ƙi saki har aka tashi, duk hotunan da ita a ciki. Inna da ba ta ce komai ba tun farkon rigimar, ita ta fara rangaɗa guɗa, ban taɓa sanin ta iya ba.

Gwaggo ta zo, ta zauna can gefe da ƙawayenta, ta ci ta sha ta ƙulla na jikoki a leda, da za ta tafi ta ce min ɗinki ya yi kyau amma ita har gobe ba ta yarda ba. Na ce to Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki, sai maganar cikon kuɗina. Ta yi kamar ba ta ji ba.

Rigar tana shagona yanzu a rataye cikin leda, Yaya ta ce duk mai so a ara mata kyauta, wanki kawai za ta biya. Mutum biyu sun riga sun sa, ta uku ta zo gwaji jiya, ƙugun ya ɗan kama ta, sai na farke gefe na ƙara mata inci biyu kafin Alhamis, ga zif ɗin ma ya fara cijewa.